Rantsuwar da Na Yi wa Mai Walda

A lokacin ni direban tanka ne, mai ji da kansa, ba na ganin kowa da gashi. Man gas nake ɗaukowa daga kudu zuwa wani kamfanin fata a Challawa. Wani abokin sana'a ya yi ta zuga ni, wai ina kwana a layin daffo, inda ake lodin man gwamnati, kamar maraya alhali ga mai da araha a bakin ruwa. Kwaɗayi mabuɗin wahala, na bi shi.

Ashe masu fasa bututu ne ke dafa ɗanyen mai a durom cikin daji, su kawo shi a kwale-kwale. Muna cikin lodi sai wasu 'yan bindiga suka ɓullo ta ruwa suka buɗe wuta. A gabana harsashi ya fasa kan mutumin da ke riƙe da tiyo, jininsa ya wanke mini riga. Na figi mota, harsashi guda ya huda tankin ta baya. Da sabulu da tsumma na toshe hujin har Kano.

Da na sauke man sai na kai motar Sharada, wurin wani dattijo ɗan Filato mai walda, wanda duk direbobi muke kira Baba. Al'adarsa ba ya kunna wuta sai ya tambayi abin da aka ɗauko. In fetur ne, sai an wanke an cika tanki da ruwa, in gas ne ɗauraya ta isa. Ya sunsuna ya ce warin nan bai kwanta masa ba, in gaya masa gaskiya don Allah. Na san man daji ba ya tacuwa sosai, da fetur a cikinsa, amma na ji tsoron asirina ya tonu. Na rantse masa gas ɗin daffo ne, hujin kuma ƙarfe ne ya soki tankin. Ya ce tunda na ambaci Allah magana ta ƙare.

Ina wurin mai shayi ya kunna wutar walda, sai na ji ƙarar fashewa. Murfin tankin ya tashi sama, aka tsinci Baba a bayan katanga, fatar hannuwansa tana zazzagowa, fuskarsa ba ta ganuwa. Bai mutu ba, amma idanu sun tafi, hannuwa biyu an yanke.

Da na je asibiti ya gane muryata. Kafin in buɗe baki ya fara ba ni haƙuri, wai tsufa ya sa ya ƙona mini motar mutane, in yafe masa. Wallahi ban faɗa masa gaskiya ba har aka mayar da shi gida.

'Yan'uwana direbobi, man sata ba ya tsayawa a bakin ruwa, yana biyo ka har gida, ya ci wanda ya yarda da kai. Na daina tuƙi, na yi istigfari ba iyaka, amma har yau Baba yana can yana zaton laifinsa ne.