Abin da Ya Hana Ni Ba da Aron Injin Fatsata

A shekarun da nake akawu a tashar jirgin ƙasa, kafin a gama gina masaƙar Kakuri, an yi mini shaidar rowa a unguwarmu. Zan faɗi yadda aka yi, domin har yau ban ga laifina ba.

Ina da sandar fatsa mai injin naɗe zare, wadda na saya a hannun wani Bature da zai koma gida. Injin ƙarami ne, marar nauyi, don ruwan daɗi aka yi shi. Maƙwabcina, wani makaniki mutumin Gabas da ya girma a bakin teku, shi ma yana da nasa: ƙato, na tagulla, cike da giris, an ƙera shi don ya jure gishiri. Tare muke zuwa kogi ran Asabar da yamma, kuma a duk unguwar ba ni da abokin hira kamarsa.

Nasa ya fi nawa ƙarfi, ban taɓa musu ba, ko da yake tarwaɗar kogin Kaduna ba ta bukatar wannan ƙarfi duka. Saɓaninmu a wajen wanki yake. Ni nakan kwance nawa a gida, in goge haƙoransa da kananzir, in ɗiga masa man keken ɗinki. Shi kuwa da mun tashi, sai ya tsoma nasa cikin kogi ya girgiza. Haka ake yi a garinsu, da ruwan daɗi ake kore gishiri. Na nuna masa cewa nan babu gishiri, yashi ne kogin yake ɗauke da shi.

"Akawu, ruwa ba ya ɓata abu," in ji shi. "Kai ma da ruwa aka yi maka baftisma."

Na ce, "Ba da na damina ba."

Da damina ta yi tsakiya, injinsa ya fara gurza kamar dutsen niƙa, daga baya ya ƙi juyawa. Ya aika Ikko neman sababbin haƙora, kafin su iso ya zo aron nawa.

"Za ka tsoma shi?" na tambaye shi.

"Haba, Akawu. Ana mayar wa mutum kayansa da datti?"

Na hana shi.

Maiɗakina ta tuna mini cewa matarsa ce ta yi jinyarta da ta haihu. Wani dattijon ikilisiya ya tare ni bayan sujada, ya ce ƙarfe bai kai maƙwabci ba. Na amsa masa da ladabi cewa ga kekena, ga kwat ɗina ta Lahadi, duk wanda maƙwabcin nan yake so ya ɗauka. Amma ba zan miƙa abu ga mutumin da ya faɗa mini da bakinsa yadda zai lalata shi ba. Na ma yi masa tayin ya zo ya yi ta jifa da sandata, muddin ina tsaye. Ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne.

Daga nan hira ta mutu. Ran Asabar yakan zauna can ƙasa da ni, da zare naɗe a gwangwanin madara, wata rana ma ya fi ni kamu. Nakan gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, ya amsa da kalma ɗaya. Na yi kewarsa ƙwarai, ban kuma janye maganata ba.