Hancin Kan Gas

Wallahi abin nan ni ya faru da shi a Filinge, shekara shida ke nan, lokacin ina gyaran murhun gas a bakin kasuwa.

Bari in fara da kan gas ɗin, wanda 'yan boko ke kira detandar. A cikinsa akwai faifan roba da waya mai naɗi: gas ya fito da ƙarfi, robar ta ɗaga ta rufe masa hanya, ƙarfin ya ragu, wayar ta sake buɗewa. Akwai ɗan rami a samansa kamar na allura, ta nan robar ke shan iska. Duk na san wannan, ku ji fa.

Amma da Inna Hadiza mai tuwo ta kawo nata, ta ce ramin nan ne ke shanye mata gas, sai na liƙe shi da gam don kawai ta bar ni in huta. Uwa ce, ga baki. Ta ɗauka ta tafi rumfarta a hanyar Bonkuku, inda take girki da jikokinta mata biyu.

Rana ta take, zafi kamar me, sai ga wani tsoho da sanda, yatsansa ɗaya na hagu a guntule, yana haki. Ko sallama bai yi ba.

"Ɗana, ka toshe mishi hanci. Abin da ba ya lumfashi, mi kake jira shi yi? Tashi ka tahi."

Na sunkuya neman takalmi, na ɗago, babu kowa. Na hau babur na nufi rumfar Inna. Kafin in isa, zafi ya kumbura iskar da na kulle a ciki, ta danne robar, wuta ta tashi tana lasar zanan rumfa, yaran sun maƙale a lungu. Na rufe tukunyar gas ɗin. Kunya ta kama ni fiye da tsoro.

Inna ta tambaye ni wa ya aiko ni, na kwatanta mata shi. Sai ta zauna a ƙasa.

"Malam ne, maigidana. Ciwon lumfashi yak kashe shi, shekara goma sha wani abu ke nan. Ko tukunyar gas bai taɓa gani ba."

Har yau ban san me na gani ba. Ku dai, kowa ya roƙe ku, kada ku toshe ramin nan. Ni an aiko mini. Ban sani ba ko ku kuna da mai zuwa.