Duwatsun Malam Mai Zare Suna Cikin Wuta

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan, ina tsaye a ƙofar ɗakin jarrabawa a Kabo, aka kira ni: Malam Garba na Madadi ya rasu jiya bayan azahar, har an kai shi makwancinsa.



Ɗalibaina kun san sunansa, shi ya koya mini kimiyya a sakandare a Gwarzo. Da yawanmu muna zaton duk baƙin dutsen da maganaɗisu ya kama daga sama ya faɗo. Ni ma haka na zata, har ranar da na kai masa wani ina ta murna. Ya jujjuya shi ya ce, "Habu, wannan kashin maƙera ne. Daga maƙera ya faɗo, ba daga sama ba."

A wajensa na ji cewa na saman ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai ƙwayoyin ƙarfe a cikinsu, wani da yawa, wani kaɗan, wani kaɗan ƙwarai, kuma da ƙarfin yadda suke jan maganaɗisu ake raba su gida-gida. Masana suna da na'urar awo. Mu a lokacin alli ma da ƙyar. Sai ya ciro maganaɗisun tsohuwar rediyo ya rataya a zare, yana gwada yadda kowane dutse yake jan sa. Daga nan ya zama Malam Mai Zare.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, wasu suka hango shi a gona yana lilo da zare kusa da dutse, suka kai ƙara wajen liman wai duba yake yi. Malam ya je da zarensa da ƙusa guda. Liman ya gwada da hannunsa ya ce, "In wannan duba ne, to ƙusar ma bokanya ce. Ku tashi ku ba ni wuri."

Damunar da babana ya so ya cire ni daga makaranta, Malam ya zo da fartanyarsa Asabar uku a jere. Bai yi wa kowa wa'azi ba. Noma ya taya mu.

Shekara da shekaru manoma da makiyaya suna kawo masa duwatsu. Guda huɗu ne ya yarda na sama ne, kowanne ya kai girman kwakwa. Ya cakuɗa su da marmara da kashin maƙera a zaurensa don gwada ɗalibai, bai rubuta wa ko ɗaya suna ba.

Watan jiya muka haɗu a tashar Gwarzo. Ya ce, "Habu, yaushe za ka zo mu ware su ka kai jami'a a auna?"

Na ce, "Malam, mota ta yi tsada. Bari a gama jarrabawa."

Ya yi dariya. "Dutse ai ba ya gaggawa. Ni ne dai."

Ban je ba.

Ɗazu na kira 'yarsa Rabi don ta'aziyya. Ta ce masu gaisuwa sun yi yawa, gas ya gagara, da itace ake girki, murhu bai isa ba, sai maƙwabta suka kwashi duwatsun zaure suka kafa. "Yaya Habu, ni ban san wanne ne wanne ba. Kuma ta yaya zan ce wa iyayenmu su sauke tukunya?"

Ba laifinsu ba ne, alheri suka zo yi. Amma wuta tana fasa irin dutsen nan, tana ɓata ƙarfen cikinsa, bayan haka ba mai iya cewa ga gidansa. Gobe sadakar uku, manyan tukwane za a ɗora. Ni ba halin in bar jarrabawa sai Alhamis, ko na je ma cikin gida ba wurin shigata ba ne.

Don Allah, ɗalibaina mata na Madadi da Mainika, ku nake roƙo. Ku je gaisuwa yau. Ku riƙi wasu duwatsun murhu ku ba iyayenmu a madadi, cikin ladabi. Waɗanda kuka ciro ku bari su huce da kansu, kada a zuba musu ruwa. Ku ɗaura ƙaramin maganaɗisu a zare, ku matso da shi a hankali, kada ya taɓa dutsen. Mai huji-huji kashin maƙera ne, ja mai marmashi marmara ce. Mai nauyi, marar huji, mai siririn ɓawo baƙi, wanda zare ya karkata gare shi ko da kaɗan ne, ku naɗe shi a busasshen zane ku ba Rabi. In kuna shakka, ku ajiye. Ku fara gwadawa da ƙusa a gida, minti biyu kun iya.

Allah ya jiƙan Malam Garba, ya haskaka kabarinsa, ya sa abin da ya koya mana ya bi shi. Wanda yake nesa ya yi masa addu'a. Wadda take kusa ta yi tata a hanya.