Tabon da Ke Jikin Taurari

Mai hoto ya tsufa a shago ɗaya, tsakanin tela da mai gyaran waya. Sana'arsa ta gaskiya gyaran fuska ce a jikin hoto. Kuraje, tabo, tamoji, duk wanda ya shigo da su a kwamfutarsa yake barinsu. Tela kan tsokane shi cewa ko jaki aka kawo masa sai ya fito ango.

Autarsa ce ta yi nisa a boko, ilimin taurari. Bai taɓa gane karatun ba, kuma abin yana cin ransa, don yana so a ce da hannunsa a ciki. Da za ta kare bincikenta gaban malamai, sai ta kawo masa fostar binciken ya buga mata.

Binciken kan manyan gungun taurari ne da ake kira galaksi, masu haihuwar sabbin taurari. An ɗauki hotunansu da hasken ultrabayolet, wanda ido ba ya gani, irin da jariran taurari ke zubarwa. A jikin fostar, na kusa da mu a hagu, na can nesa a dama.

Mai hoto ya duba, ya ga na hagu da dama-dama, na dama kuwa duk ɗigo-ɗigo kamar fuskar mai ƙyanda. Ya yi tsaki, ya zauna wuni guda yana shafewa har suka yi sumul.

Da ta zo karɓa ta daɗe tana kallo.

"Baba, ina ɗigogin?"

"Na share miki. Ai ba za ki kai wa manya datti ba."

"Su ne binciken, Baba. A nan ake haihuwar taurarin. Na nesa sun fi na kusa irin wannan curin, shi zan nuna."

Ya cire tabarau yana gogewa. "To in na mayar da su, ko kaɗan in rage?"

"Ko ɗaya."

Ya buɗe nata na asali ya danna, inji ya fitar. Ta ci jarrabawa, malamai har suka yaba kyawun bugun. Ta dawo da murna ta faɗa masa.

Ya taya ta murna, amma ransa bai yi daɗi ba. Da ta fita ya ce wa tela, "Wannan ko kai ka danna, haka zai fito."