Baba Altine da Benen da Ba a Sauka

A watan nan Baba Altine magini, kakana na wajen uba, yake cika shekara arba'in da biyu da rasuwa. Allah Ya jiƙansa. Na so in bar ranar ta wuce da addu'a da sadakar waina kamar kowace shekara, amma dogon benen ofisoshin nan da aka gama a tsakiyar Sakkwato ya hana ni sakat. Daga ƙofar gidana a Arkilla ina hango shi. Baƙin da suka zo ziyara Hubbare, da sun fito shi suke ɗauka hoto. A da in mutum ya doso gari, hasumiyar masallaci da kawunan dabino ne ke fara tarbarsa. Yanzu gilashi ne mai ƙyalli, hawa goma da ɗoriya, sauran duk sun dawo ƙanana. Jama'a na murna gari ya ci gaba, ni ma ban ƙi ba, don ɗana Nasiru a can yake aiki. Damuwata ɗaya ce. Gidanmu na gado a Ƙofar Taramniya ba shi da nisa da gindin benen, kuma yayata Kulu tana ciki. Gwiwoyinta sun hana ta fita ko'ina, tsakar gidan nan ita ce duk duniyar da ta rage mata.

Yaran yanzu ba su san al'adar ba, don haka bari in faɗa. A garin nan namiji ba ya hawa soro ko katanga ko dabino sai ya sanar. Magini zai tsaya gindin tsani ya ɗaga murya ya ce za a hau, ya dakata har matan maƙwabta su kintsa, mai wanka ta gama, mai daka ta ja turminta gefe. In ya gama aikinsa ya sauko, sai ya sake kira ya ce an sauka, kowa ta fito ta ci gaba da sha'aninta. Kira biyu ne, kuma wanda ya yi na farko, na biyun yana wuyansa. Baba Altine shi ne mai yi wa ƙungiyar maginansu wannan kira tun yana saurayi, saboda Allah Ya ba shi murya. Ko da ya tsufa, in ya ce "Ina matata?" daga zaure, ina jin sa a ƙarshen gida, ni kuma in ce ba na auren mai haƙori uku.

A bayansa akwai tabo, layi-layi. Ya daɗe bai gaya mini dalilinsu ba, sai da na girma.

Turawa ba su daɗe da cin garin ba aka sa maginan su yi wa wani Bature ofis mai bene dab da unguwarmu. Ginin ƙasa ne, tubali da azara, hawa ɗaya tak, amma a lokacin ya kere komai a wajen. Tagar saman kuwa cikin gari take kallo, kuma gida na farko da ido zai faɗa a kai shi ne namu, inda mahaifiyar Baba, Inna Dije, take. Ubangidansa a sana'a ya roƙi tafinta a juya tagar ta kalli daji. Amsar da ta dawo ita ce an yi tagar ne don a ga gari. Haka suka yi ta aiki, kullum Baba yana kiran hawa da safe, yana kiran sauka da yamma, matan unguwa suna wuni a ɗaki cikin zafin bazara suna tsine wa ginin.

Wata rana Baturen ya ji kiran ya tambayi ma'anarsa. Da aka yi masa bayani sai ransa ya ɓaci. Ya ce gwamnati ba ta neman iznin mata kafin ta shiga ofishinta, kuma a ƙasar da ba ta gama kwanciya ba, ba ya son kowa ya riƙa ɗaga murya a kansa. Ya kafa doka: ranar da zai hau, duk wanda ya yi kira zai sha bulala, kuma ya bar gini a garin nan. Bai faɗi ranar ba.

Ya zo da hantsi a kan doki, ba sanarwa. Maginan suna ƙasa suna shafa wa bango makuba, ranar ba wanda ya hau, saboda haka mata duk suna waje. Baba ya ce yana jin lugude ta bayan katanga, kuma ya gane taɓaryar Inna a ciki. Ya san yadda take daka in ta saki jiki, ɗaurin ƙirji, kai ba ɗankwali. Baturen ya sauka daga doki ya nufi matakala. Ɗan doka yana tsaye da bulala a hannu. Ubangidan Baba ya damƙe wa Baba wuyan hannu ya matse, ba tare da ya dube shi ba. Baba ya ce a lokacin ya tuna ba shi da wata sana'a, ya tuna uba ya rasu, shi ke ciyar da gida, ya tuna sadakin da ya riga ya kai. Ƙafar Baturen ta taka matakala ta farko, ta taka ta biyu.

"Za a hau!"

Taɓare suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Baturen ya tsaya a tsakiyar matakala, ya waiwayo ya dube shi, sannan ya ci gaba da hawa. A gindin ginin da ya yi da hannunsa aka kwantar da Baba, kuma daga tagar nan aka kalli dukan.

Na taɓa tambayarsa ko ya yi nadama. Ya ce bulala ta warke kafin damina, hanin gini kuwa ya kai shi noman shinkafa a fadama na wasu shekaru, bai mutu ba. Abin da bai warke ba wani ne. Da yamma, yana kwance rub da ciki ana gasa masa baya, Inna ta tambaye shi daga bakin ɗaki ko an sauka. Baturen ya sauko, amma gobe zai koma, jibi ma haka, masinja zai hau, mai gadi zai hau, ba wanda zai faɗa. In ya ce mata an sauka ya yi mata ƙarya. Sai bai yi kiran na biyu ba. Maƙwabta na nesa suka ƙara tsawon katanga, amma gidanmu ya yi kusa, ba katangar da za ta tare tagar. Inna ta mayar da turminta da murhunta wani matsattsen lungu bayan ɗaki. Har ta bar duniya ba ta sake zama a tsakar gidanta da rana ba.

Ginin ƙasa ba ya jure rashin kula. Turawa suka koma gidajen siminti, daga baya suka tafi gaba ɗaya, damina ta yi ta cin benen. A shekarar da na fara koyarwa saman ya rufta. Baba, ido ya yi rauni, ya sa na riƙe masa hannu har wajen. Ya shafa kangon, ya tabbatar ba sauran matakala, sannan ya gyara tsayuwa ya kwarara kira: "An sabka!" Masu wucewa suka yi dariya, wai tsoho ya rikice. Ni kunya ta kama ni, sai da na ga hawaye a gemunsa. A hanyar komawa ya ce mini, "Wadda anka yi wa kiran ba ta ji ba, amma na sauke."

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga benen yau. Ba zan yi masa ƙarya ba, da ya burge shi. Mutum ne mai son gini, zai ƙwanƙwasa bango, ya tambayi me suka sa a madadin azara, ya nace sai an sa shi a na'urar nan mai kai mutum sama. Amma kafin ya shiga, na san zai ja ya tsaya ya tambayi wa ya sanar da unguwa. Kuma ba wanda zai gane abin da yake nufi.

Kwanan baya Nasiru ya matsa mini sai na je na ga ofishinsa. Na hau. Ta taga na ga gari shimfiɗe har fadama, abin sha'awa wallahi. Sai idona ya sauka kan unguwarmu, ya sami darbejiyar gidanmu. Ga Yaya Kulu a kan tabarma tana shan hantsi kamar yadda likita ya ce, kai a buɗe, furfura fari fat, ta janye zani tana shafa magani a gwiwa. A gefena samari biyu suna shan shayi jingine da gilashin. Ba kallonta suke ba, hirarsu suke yi, yaran kirki ne. Amma raina ya ɓaci har na kasa amsa gaisuwarsu. Na ciro waya na kira ta. Ina kallo ta lalubo wayar a ƙarƙashin matashi.

Na ce, "Yaya, an hau. Ina bisa benen, ina ganin ki."

Na ga ta jawo mayafi, ta dafa bango, ta miƙe da ƙyar, tana jan ƙafa zuwa ɗaki. Sai da ta shige sannan ta ce, "To, ƙanwata. In an sabka ki hwaɗa min in hito."

Gine-ginen Baba duk sun koma ƙasa, ko katanga ɗaya ba ta rage ba. Gadon da ya bar mana wannan kiran ne, ga shi ya fito daga bakina ban shirya ba, kuma na gane nauyinsa sai bayan na yi shi. Da ban kira ba, da Yaya tana nan tana shan hantsinta. Ni na sauko tun ranar, amma mutane cike suke a sama kowace safiya, kuma siminti da ƙarfe ba sa narkewa a damina. Jiya ma ta kira ni daga cikin ɗaki ta tambaya ko an sabka. Na ce mata ta ƙara haƙuri.