Neman Mai Sayen Akori-kurar Yaya Sani

Daga Ketare zuwa Ƙanƙara

Ana idar da sallar asuba muka tayar da motar. Akori-kura ce fara, ta yayana Sani, wanda Allah ya yi wa rasuwa da damina. Ya bar mace ɗaya, Yaya Hinde, da 'ya'ya huɗu. Baffanmu Alhaji Garba ya ce ranar Juma'a za a raba gado, mota kuwa ba ta rabuwa, don haka in je in mayar da ita kuɗi. Ni aka zaɓa saboda ni ne malamin makaranta a gidan. Malam Ilu, direban marigayin tun ranar da aka sayo ta, shi ke tuƙi.

A aljihuna akwai wani ɗan littafi da na aro wajen abokina mai aikin inshora a Kaduna. A ciki an jera motoci na hannu, kowace da shekararta da farashinta. Tamu naira dubu biyu da ɗari biyu aka rubuta. Na sa a raina ko kwabo ba zan rage wa marayu ba.

Da hantsi muna bakin tashar Ƙanƙara. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo ƙasa, ma'aikata sun karɓi ariyas na ƙarin albashi, kowa sabuwa yake so. Dillalin da aka kai mu wajensa ya zagaya motar sau ɗaya, ya buga taya da ƙafa, ya ce dubu ɗaya da rabi. Na buɗe masa littafin. Ya karɓa ya duba bango, ya miƙo mini, ya ce in kai wa wanda ya rubuta ya saya. Ko furar da Malam Ilu ya sayo ban iya sha ba, na ce mu wuce.

Faskari

Hanyar ba ta gama bushewa ba. Mun tsaya sau biyu Malam Ilu yana zuba wa motar ruwa, ni kuma ina kai da komo a bakin hanya ina duban rana. Kafin mu shiga gari 'yan sanda suka tare mu. Da suka ga ba sunan ɗayanmu ba ne a takardu sai babbansu ya fara jan magana, har sai da Malam Ilu ya ba shi labarin rasuwar. Ashe marigayin ya taɓa kai masa buhunan dawa gida. Ya yi addu'a ya ɗaga mana hannu.

A Faskari muka sauka gidan wani surukinmu. Bayan la'asar ya kawo wani mai fataucin shanu, wanda ya ji farashin littafi bai ko girgiza ba. Har na fara jin sanyi a raina, sai ya juya ya tambayi Malam Ilu lafiyar injin. Malam Ilu ya ce tana shan baƙin mai, giya ta biyu tana fita a gangare, kuma da sanyin safiya sai an tura. Mutumin ya sauko dubu ɗaya da ɗari bakwai, daga nan bai ƙara motsi ba.

Da aka kawo tuwon dawa da miyar kuka na kasa haƙuri. Na ce wa Malam Ilu ai na gane, ba ya so a sayar ne don kada ya rasa aiki. Ya ture akushi gefe.

"Gaskiya ba ni so," in ji shi. "Amma ko ina so, ba ni ɓoye ma mutum ciwonta. Kuɗin marayu ne, Malam, su ci mai tsabta."

Sai a lokacin na lura cewa tun safe mutumin nan abincin gidansa yake tuƙawa zuwa kasuwa, ni kuwa ban taɓa tambayarsa abin da zai yi bayan nan ba.

Sabuwa, ta Damari

Washegari sai da aka tura mu kafin ta tashi. Surukinmu ya ce mu gwada Sabuwa, auduga ta yi kyau can bana. Hanyar ta fi ta jiya muni. A wani rafi kusa da Damari muka iske sabuwar mota ƙarama ta kafe, mai ita yana tsaye da takalmi a hannu. Malam Ilu ya ɗaura mata igiya ya fizgo ta, sannan muka haye. Ni dai hankalina na kan Juma'a, ga Laraba ta raba.

A Sabuwa aka haɗa mu da Alhaji Mamman, mai sayen auduga. Buhuna sun cika masa zaure har waje. Ya ce ya biya kuɗin sabuwar mota a Kaduna tun kafin azumi, har yau ana ce masa tana kan ruwa. Na nuna masa littafin, ya ce in karanta masa, na karanta. Sai ya tambayi Malam Ilu irin tambayar jiya. Malam Ilu bai rage komai ba, har ya ƙara da cewa ƙofar hagu sai an ɗaure ta.

Alhaji ya tambaya ko duk da haka za ta iya kai kaya Funtua kullum. Malam Ilu ya ce a hannunsa za ta iya.

"To ni da hannun nike saye," in ji Alhaji. "Dubu biyu da ɗari huɗu in zai zauna. In ba shi zama, ko rabin haka ban biya."

Na dubi Malam Ilu. A Ketare aka haife shi, can iyalinsa suke, can gonarsa. Ya fita ya tsaya jikin motar, ni ma na kasa zama, na bi shi. Na ce kada ya yi don mu, za mu koma wa mai shanu. Ya ce in bari ya yi sallah tukuna. Da ya sallame ya shiga ya ce wa Alhaji ya yarda, amma a ba shi ɗaki, kuma bayan an gama auduga zai je ya ɗauko iyali.

Komawa

Ranar Alhamis na hau wata babbar mota mai zuwa Funtua, a saman buhuna, daga can na sami ta Ƙanƙara. Duk hanya hannuna na kan cikina inda na ɗaure kuɗin. Na isa Ketare gab da magariba, na miƙa wa Alhaji Garba, sannan na wuce gidan Malam Ilu na gaya wa matarsa. Ta tambaya dai ko ya tafi da bargo.

Daga nan na shiga wajen Yaya Hinde. Na fara gaya mata abin da aka samu, ta katse ni, ta ce ina na baro motar, a hannun wa. Na ce a hannun Malam Ilu. Ta sunkuyar da kai ta share ido da gefen mayafi, ta ce to shi ke nan, in je in ci abinci.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da ni lafiya, na kuma gode wa duk wanda ya ba mu ruwa ko masauki a hanya. Allah ya jiƙan Yaya Sani, ya raya abin da ya bari.