Ɗankwalin da Ya Riƙe Mini Hannu

Ko da tsufa ya share mini komai a ka, ranar da aka canja wa babbar kwamfutar asibitinmu faifai za ta rage. Ni ne mai kula da janareto a wani ƙaramin asibiti a Tunga. Bokona bai wuce in gane sunana ba, shi ma sai an rubuta da manyan baƙaƙe.

Kwamfutar nan, saba suke ce mata, ta kusa kai firji. A cikinta tarihin marasa lafiyarmu yake kaf, har da na matata mai ciwon suga. Sai kwamfutar ta fara ƙin tashi da safe, kamar ni. Likita ya kira wata injiniya 'yar Beji, siririya, ba ta wuce sa'ar autata ba.

Da hantsi ta same ni a bayan asibiti. "Baba, na sa sabon faifan da ke tada ta. Saura kwashe bayanai daga tsofaffin zuwa sababbi. Tsofaffin sun gaji, batirin ajiya kuma ya mutu. In wuta ta ƙifta, ba lallai su sake tashi ba. Kan janareto za mu zauna har in gama, ko an kawo wuta."

Na ce, "'Yata, ni da janareton nan tun kina goye."

"Abin da ke ba ni tsoro ke nan," ta ce tana dariya.

Bayan azahar ina gyangyaɗi, sai rediyon mai askin maƙwabta ya kama. An kawo wuta. To, shekara da shekaru aikin ƙafafuna ɗaya ne: a juya wuta, a kashe janareto, a huta da shan mai. Kafin kaina ya farka har na isa bango. Na cafki ƙarfen juya wuta, sai na ji laushi. Ɗankwalin injiniyar ne, ta naɗe shi a jikin ƙarfen ta ƙulle tamau. Ban san lokacin da ta ɗaura ba.

Na daskare. Ina ɗago kai sai ga ta a taga, kai babu ɗankwali, ido ya firfito.

"Baba?"

"Gadinsa nake yi miki, kar ɓarayi su ɗauke."

Ba ta yi dariya ba. Na koma benci na zauna a kan hannuwana har la'asar.

Da ta gama ta ce in faɗi suna a gwada. Na faɗi na matata. Sai ga shi ya fito, da duk magungunanta. Ta sauke numfashi, ni kuma na je na kwanto mata ɗankwalinta, na miƙa da hannu biyu.

Tun ranar na gane, wanda ya daɗe a aiki hannunsa kan riga hankalinsa. Irinmu ba faɗa muke bukata ba, sai mai tausayin da zai ɗaura mana ƙyalle a hanya.